KAPITAN PIERO CALAMAI DA JIRGINSA ANDREA DORIA (1897-1972)

Yau za mu kawo muku tarihin wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Italiya mai suna Piero Calamai, wanda ake faɗin sunansa Kalamai. Mutumen nan ya yi shekara 40 yana aiki bisa teku da kyakkyawan suna. An damƙa masa jirgin da ƙasarsa ta fi alfahari da shi bayan yaƙin duniya na biyu, ya riƙe shi shekara 3 da rabi lafiya lau. Sa'an nan cikin dare guda jirgin ya salwanta, sunan mutumen ya ɓaci, bai ƙara shiga ɗakin tuƙi ba har ya bar duniya. Labarinsa ya shafi duk wanda aka ɗora wa amanar jama'a, domin yana nuna yadda laifin mutane da yawa kan taru bisa kan mutum guda, da kuma yadda mai amana ke ɗaukar wannan kaya.

ASALINSA DA FARKON AIKINSA

An haifi Calamai ran 25 ga watan Disamba na shekara ta 1897 a Jenowa, babbar tashar jiragen ruwa ta arewacin Italiya, bakin Bahar Rum. Jenowa gari ne wanda tun zamanin da cinsa da shansa daga teku suke fitowa. Can aka haifi Kiristofa Kolombo, wanda ya ƙetare tekun Atilantika a 1492. Gidan su Calamai kansa gidan ma'abuta teku ne. Mahaifinsa, Oreste, ya kafa mujalla mai ba da labarin jiragen kasuwanci, ɗan'uwansa Marco kuma ya kai matsayin babban hafsa cikin sojan ruwa.

Piero ya yi karatu a makarantar koyon tuƙin jirgi ta garinsu. A 1916, yaƙin duniya na farko yana kan ci, ya shiga sojan ruwa, ya kuwa fito da lambar yabo. Da yaƙi ya ƙare sai ya koma jiragen kasuwanci da na fasinja, ya fara daga ƙaramin hafsa yana hawa mataki-mataki, kamar yadda tsarin aikin yake.

Lokacin yaƙin duniya na biyu aka sake kiransa aikin soja. Daren 11 ga Nuwamba 1940 jiragen saman Ingila suka faɗa wa manyan jiragen yaƙin Italiya suna tsaye a tashar Taranto. Ɗaya daga cikin waɗanda aka harba shi ne Caio Duilio, wanda ruwa ya fara cika shi. Ma'aikatansa suka yi dabara suka kai shi wuri marar zurfi, ya zauna bisa ƙasa, bai nutse ba. Calamai yana cikin hafsoshin da suka yi wannan aiki, aka ba shi lambar yabo ta biyu.

Waɗanda suka yi aiki tare da shi sun shaide shi mutum ne mai kawaici, marar yawan magana, mai tsantseni. Bisa al'ada, kapitan na babban jirgin fasinja shi ne mai masauki: yakan ci abinci da manyan baƙi, yakan halarci wasannin dare. Calamai ya fi son zama wurin aikinsa. In hazo ya sauko kuwa, ba ya barin ɗakin tuƙi sai sarari ya washe.

ITALIYA BAYAN YAƘI

Kafin yaƙi, Italiya tana da manyan jiragen fasinja biyu da duniya ta sani, wato Rex da Conte di Savoia. A 1933 Rex ya ƙetare Atilantika da saurin da babu jirgin da ya taɓa yi kafinsa. Yaƙi ya cinye su duka biyu: Conte di Savoia ya ƙone a 1943, Rex kuma jiragen sama suka nutsar da shi a 1944. Da aka ajiye makamai a 1945, ƙasar ta tarar fiye da rabin jiragenta na kasuwanci sun halaka, tashoshi sun rushe, ma'aikata suna zaman banza.

A wancan zamani jirgin ruwa shi ne babbar hanyar zuwa Amurka. Dubban talakawan Italiya, musamman na kudu, suna ƙaura can neman abinci, attajiran Amurka kuma suna zuwa Turai yawon buɗe ido da dalarsu. Ƙasar da ba ta da jirgi, wasu ne za su kwashe wannan ciniki. Saboda haka kamfanin jiragen ruwa mai suna Italia, wanda ke ƙarƙashin gwamnati, ya ba da aikin ƙera sababbin jirage biyu iri ɗaya ga ma'aikatar Ansaldo da ke Sestri Ponente, gefen Jenowa. Na farko aka sa masa suna Andrea Doria, sunan wani sarkin yaƙin ruwa na Jenowa wanda ya rayu daga 1466 zuwa 1560. Na biyu, wanda ya fara aiki a 1954, shi ne Cristoforo Colombo.

YADDA AKA ƘERA JIRGIN

An kafa ƙarfen farko na Andrea Doria cikin watan Fabrairu 1950, aka tura shi ruwa ran 16 ga Yuni 1951. Tsawonsa mita 213 ne, wato ya kai filin ƙwallo biyu a jere, faɗinsa mita 27. Girmansa bisa ma'aunin jirage tan 29,000 da ɗoriya. Injinan tururi ke juya farfelarsa biyu, yana cin kusan kilomita 43 cikin awa guda. Yana ɗaukar fasinja 1,241 cikin daraja uku: 218 a ta ɗaya, 320 a ta biyu, 703 a ta uku. Ma'aikatansa sun haura 560.

Akwai jiragen Ingila da na Amurka da suka fi shi girma da sauri. Italiyawa sun san ba za su iya wannan tsere ba, sai suka zaɓi su yi fice wajen kyau. Jikin jirgin baƙi ne, benayensa farare, bututun hayaƙinsa guda ɗaya mai launin tutar ƙasa. Aka kira manyan masu tsara gine-gine na ƙasar, irin su Gio Ponti da Nino Zoncada da Giulio Minoletti da Gustavo Pulitzer Finali, aka raba musu zaurukan jirgin, kowa ya tsara nasa. Mai zane Salvatore Fiume ya cika bangon babban zaure da hotunan tarihin fasahar Italiya. Aka kafa mutum-mutumin tagulla na sarkin yaƙi Doria. Kuɗɗin da aka kashe wajen ado kaɗai sun haura dala miliyan guda. Manufar ita ce baƙo ya ga aikin hannun Italiya, saƙa da sassaƙa da tukwane da madubai, tun bai taka ƙasar ba.

Hanyar jirgin ta kudu ce, ta Bahar Rum da mashigin Jibralta, inda rana ta fi yawa. Don haka aka yi masa tafkunan wanka uku a sarari, kowace daraja da nata, har da talakawan daraja ta uku, abin da ba a saba gani ba a wancan lokaci.

Wajen tsaro kuma, an raba cikinsa gida 11 da bangayen ƙarfe waɗanda ruwa ba ya ratsawa, aka lissafta cewa ko gida biyu sun cika ruwa ba zai nutse ba. Yana da kwale-kwalen ceto 16, takwas dama takwas hagu, masu ɗaukar mutum wajen 2,000. Yana kuma da rada, wato na'urar da ke nuna abin da ke nesa bisa allon gilashi ko cikin duhu ko cikin hazo.

Wannan jirgi ne aka damƙa wa Calamai yana da shekara 55. Ran 14 ga Janairu 1953 ya tashi da shi daga Jenowa, tafiyar farko zuwa Niyok.

RAUNIN DA KE ƁOYE

Jirgin yana da rauni wanda fasinja ba su sani ba. Dogo ne mai benaye da yawa, nauyin man da ke cikin tankunan gindinsa yana cikin abin da ke riƙe shi tsaye. In tafiya ta yi nisa, mai ya ragu, tankuna suka zama wofi, sai gindin ya yi sauƙi, jirgin ya riƙa saurin karkata. Tun tafiyar farko an ga alamar haka, lokacin da guguwa ta same shi kusa da Amurka ya karkata digiri 28 kafin ya miƙe.

Maganin abin sananne ne: a cika tankunan da suka zama wofi da ruwan teku don nauyi ya dawo. Amma tankin da ruwan gishiri ya shiga sai an zuƙe shi an wanke kafin a sake zuba mai, wannan kuwa yana cin kuɗɗi da lokaci. Saboda haka jiragen fasinja da yawa ba sa yi.

Ga kuma abu biyu da suka rataya ga wannan karkata. In jirgin ya karkata fiye da digiri 15, kwale-kwalen gefen da ya ɗaga sama ba sa saukuwa, sai su kwanta jikin jirgi. In ya wuce digiri 20, ruwa yana iya bi ta saman bangayen ƙarfen nan ya malala daga gida zuwa gida. Masu lissafi sun ɗauka jirgin ba zai kai can ba.

Da wannan rauni jirgin ya ƙetare Atilantika sau 100 ba tare da wata ɓarna ba.

TAFIYA TA ƘARSHE

Ran 17 ga Yuli 1956 Andrea Doria ya bar Jenowa. Ya tsaya Cannes ta Faransa, da Napoli, da Jibralta, sa'an nan ya shiga babban teku. Yana ɗauke da fasinja 1,134 da ma'aikata 572, jimla mutum 1,706. Cikinsu akwai magajin garin Filadelfiya da ƴan wasan sinima, akwai kuma iyalai matalauta da suka sayar da abin hannunsu don su kafa sabon zama a Amurka. An shirya za su isa Niyok da safiyar 26 ga wata.

Ran 25 da rana, wajen ƙarfe 3, jirgin ya shiga hazo kusa da tsibirin Nantucket. Hazon teku ba irin namu na hunturu ba ne mai ƙura. Tururin ruwa ne mai kauri, wanda wani lokaci mai tsaye tsakiyar jirgi ba ya ganin goshinsa. Wurin kuwa mararraba ce, duk jiragen da ke shiga Niyok da masu fita nan suke gamuwa.

Calamai ya hau ɗakin tuƙi ya zauna. Ya sa aka rufe ƙofofin ƙarfe, aka ajiye mai tsaro a goshin jirgi, aka riƙa busa ƙaho a kai a kai. Sauri kuwa kaɗan ya rage, daga kilomita 43 zuwa 40 cikin awa. Dokar teku ta ce cikin hazo a yi tafiya sannu yadda za a iya tsayawa kafin a kai ga abin da aka hango. Jirgi mai wannan nauyi da wannan gudu yana bukatar kilomita da dama kafin ya tsaya. Amma manyan jiragen fasinja duka haka suke yi, domin kamfanoni suna son a isa kan lokaci: jinkiri yana jawo biyan ƴan dako da ke jira a tasha, yana ɓata sunan kamfani. Kowa ya dogara ga rada.

A wannan rana da hantsi wani jirgin fasinja na ƙasar Suwidin mai suna Stockholm ya bar Niyok ya nufi gida. Bai kai rabin Andrea Doria girma ba, amma an ƙarfafa goshinsa da ƙarfe mai kauri don fasa ƙanƙarar tekun arewa. Yana bin hanyar da ta fi kusa, arewa da wadda aka shawarci masu fita su bi, wato daidai hanyar masu shigowa. Kapitan ɗinsa, Gunnar Nordenson, yana ɗakinsa. Hafsa guda ne ke riƙe da tuƙi, Carstens-Johannsen, saurayi mai shekara 26. Inda suke sarari garau yake, bai san bangon hazo na gabansa ba.

YADDA KARON YA AUKU

Wajen ƙarfe 11 saura kwata na dare, radar Andrea Doria ta nuna jirgi yana tafe, nisan kilomita 31. Jim kaɗan Stockholm shi ma ya gan su bisa tasa. Babu wanda ya kira wani ta rediyo, domin lokacin ba a wajabta haka ba.

Ƙa'idar teku ita ce in jirage biyu sun fuskanci juna, kowa ya kauce damansa. Hafsoshin Calamai sun ga baƙon jirgin yana ɗan damansu, suka ɗauka zai wuce ta nan. Don haka Calamai ya ɗan karkata hagu don ya ƙara tazara. Hafsan Stockholm kuwa ya ga Andrea Doria yana hagunsa, sai ya juya dama don shi ma ya ƙara tazara. To, Andrea Doria yamma ya nufa, hagunsa kudu ne. Stockholm gabas ya nufa, damansa kudu ne. Ke nan dukansu biyu kudu suka juya, kowa yana tsammanin gudun ɗan'uwansa yake, alhali wuri guda suka dosa.

Da fitilun Stockholm suka ɓullo daga hazo, lokaci ya ƙure. Calamai ya ba da umurni a murɗa hagu gaba ɗaya, ko ya tsere da sauri. Stockholm ya murɗa dama, ya mai da injinansa baya. Ƙarfe 11 da minti 10 goshin Stockholm ya soki Andrea Doria a gefen dama, ƙasa da ɗakin tuƙi, ya shige kusan mita 12, ya ratsa ɗakunan da mutane ke barci. Mafi yawan waɗanda suka mutu nan take suka mutu. Wata yarinya mai shekara 14 kuwa goshin jirgin ya ɗauke ta daga gadonta, aka same ta da rai bisa Stockholm.

Sukar ta fasa tankunan mai na dama, waɗanda suke wofi bayan tafiyar kwana 8. Tan ɗaruruwa na ruwa suka afka cikinsu, na hagu kuma iska ce cike da su, suna ɗaga wancan gefen. Cikin ƴan mintoci jirgin ya karkata digiri 18, ba a jima ba ya wuce 20. Abu biyun nan da masu lissafi suka ce ba za su auku ba suka auku tare. Kwale-kwale takwas na hagu suka ƙi sauka. Saura takwas masu ɗaukar mutum wajen 1,000, ga rayuka 1,700.

AIKIN CETO

Calamai ya aika kiran neman agaji, yana roƙon a kawo kwale-kwale. Bai ba da umurnin barin jirgi nan da nan ba, domin ya ji tsoron in jama'a suka san rabin kwale-kwalen sun ƙi, za su tattake juna. Fasinja da yawa sun yi kuka daga baya cewa an bar su sa'o'i ba bayani. Wani abin kunya kuma, kwale-kwalen farko da suka isa Stockholm cike suke da ma'aikatan ɗakin abinci da na hidima, waɗanda suka riga fasinja gudu. Wannan ya ɓata sunan ma'aikatan jirgin duka a jaridun duniya.

Amma akwai waɗanda suka tsaya. Masu kula da inji sun zauna can ƙasa, ruwa yana hawa, suna riƙe da injinan wuta da famfunan zuƙe ruwa, har fitilun jirgin suka kwana a kunne. Matuƙa suka ɗaure igiyoyi da raga, suna sauke mata da yara da tsofaffi ta gefen da ya kwanta, bisa daɓe mai santsin mai da ruwa.

Jirage suka amsa kira. Wani jirgin kaya mai suna Cape Ann ya fara isowa, sai jirgin sojan Amurka. Stockholm, duk da goshinsa ya ragargaje, ya sauke nasa kwale-kwalen ya ɗauki mutum fiye da 500. Babban jirgin Faransa, Île de France, wanda ya riga ya wuce ya nufi Turai, kapitan ɗinsa Raoul de Beaudéan ya juyo da shi cikin hazo. Ya iso wajen ƙarfe 2 na dare, daidai lokacin da hazon ya yaye. Ya tsaya kusa, ya kunna fitilunsa duka don waɗanda ke cikin tsoro su gani hankalinsu ya kwanta. Shi kaɗai ya ɗauki mutum 753.

Kafin gari ya waye an kwashe duk mai rai da aka iya kaiwa gare shi. Calamai ya umurci hafsoshinsa su sauka, shi zai zauna cikin jirgi ya jira masu jan jirgi, ko a kai shi wuri marar zurfi kamar yadda aka yi a Taranto. Hafsoshin suka ƙi, suka shaida masa in bai sauka ba su ma za su dawo su zauna tare da shi. Don kada ya jawo mutuwarsu, wajen ƙarfe 5 da rabi na asuba ya shiga kwale-kwale na ƙarshe. Daga nan ya zauna yana kallo har ƙarfe 10 da minti 9 na safe, lokacin da Andrea Doria ya kife ya nutse, awa 11 bayan karon.

Mutum 46 na Andrea Doria suka rasu, da ma'aikata 5 na Stockholm. Waɗanda aka ceta 1,660 ne. Aikin yana cikin manyan ayyukan ceto da aka taɓa yi bisa teku.

GABAN ALƘALI

Cikin watan Satumba 1956 aka fara sauraron shaidu a Niyok, kowane kamfani yana ɗora wa ɗaya laifi. Lauyoyi suka yi kwanaki suna yi wa Calamai tambayoyi. Abin da aka riƙe a kansa gaskiya ne: ya yi gudu cikin hazo, hafsoshinsa ba su zana tafiyar baƙon jirgin bisa takarda ba kamar yadda ya kamata a yi da rada, kuma ya kauce hagu. An riƙe wa Stockholm nasa: barin hafsa guda a tuƙi a irin wannan mararraba, da gudu, da rashin busa ƙaho sa'ad da ya juya.

Sai zance ya fara kusantar tankunan wofi da littafin da maƙera suka bayar kan daidaiton jirgin. Kafin a kira shugabannin masu inji su ba da shaida, cikin watan Janairu 1957, kamfanonin biyu da masu lamuninsu suka sasanta a waje. Kowa ya ɗauki asararsa, suka haɗa kuɗɗi don biyan diyyar fasinja. Asarar kamfanin Italia ta kai wajen dala miliyan 30. Shari'a ta tsaya nan, babu alƙalin da ya yanke hukunci.

Sulhun ya rufa wa kamfanoni asiri, ya bar kapitan a fili. Ba a tambayi wanda ya tsara jirgin da ke karkata haka ba, ba a tambayi wanda ya ɗora wa matuƙa wajibcin isa kan lokaci ba. Jama'a kuwa suna son suna guda da za su kira, sunan da suka sani kuma shi ne Calamai. Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara nan yake zubawa.

SAURAN KWANAKINSA

Kafin hatsarin an shirya zai koma riƙon Cristoforo Colombo. Ba a ƙara ba shi jirgi ba. Ya bar aiki a 1957, ya koma gidansa a Jenowa wurin matarsa da ɗiyansa mata biyu. Shekara 15 ya yi cikin kaɗaici, bai bi jaridu yana wanke kansa ba, bai tura laifi ga hafsoshin da ke ƙarƙashinsa ba. Nordenson kuwa kamfaninsa ya ba shi sabon jirgi, saurayin hafsan nan ma ya ci gaba da aikinsa.

A Amurka wani injiniyan jiragen ruwa mai suna John Carrothers ya yi shekaru yana nazarin takardun da na'urorin jiragen biyu suka rubuta a daren. Ya kai ga cewa hafsan Stockholm ya yi kuskuren karanta ma'aunin radarsa, ya ɗauka Andrea Doria yana nesa alhali ya matso, don haka juyawarsa dama ita ta kai shi cikin hanyar ɗayan. An buga binciken a mujallar hafsoshin ruwa ta Amurka a 1971, masana da dama suka karɓe shi, ko da yake mutanen Suwidin ba su yarda ba.

Calamai ya rasu ran 7 ga Afirilu 1972 yana da shekara 74. An ba da labari cewa cikin magagin ajali abin da yake tambaya shi ne ko an ceci fasinja.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Hatsarin ya gyara dokokin teku. An wajabta wa hafsoshi koyon aiki da rada, aka sa rediyo ta magana tsakanin ɗakunan tuƙi, aka shata hanyoyin shiga da na fita a mararrabar jirage. Dokokin duniya na kauce wa karo da aka amince da su a 1972, shekarar rasuwarsa, sun hana jirgi kaucewa hagu cikin hazo in ya gano wani yana tafe gabansa.

Italiya ta ƙera Leonardo da Vinci ya maye gurbin wanda ya nutse, ya fara aiki a 1960, da kwale-kwale masu sauka ko jirgi ya karkata sosai. Amma zamani ya riga ya juya. A 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara ƙetare Atilantika cikin sa'o'i, tafiyar da jirgin ruwa ke yi kwana 9. Kafin 1980 kamfanin Italia ya daina jigilar fasinja zuwa Niyok. Stockholm kuwa an gyara goshinsa, ya ci gaba da aiki fiye da shekara 60 da sunaye dabam-dabam, har an taɓa sake gina shi a Jenowa kanta. Andrea Doria yana kwance bisa gefensa na dama, zurfin mita 75. A 1964 masu nutso suka ciro mutum-mutumin tagulla na sarkin yaƙi Doria, sauran jirgin kuwa ruwan gishiri yana cinsa.

Mai son ya auna Calamai da adalci sai ya ɗora abu biyu bisa sikeli. Ya bi al'adar gudu cikin hazo wadda kowa ke bi, ya san doka ta hana, ranar da al'adar ta ci mutane kuma shi aka kama da ita. Wannan gargaɗi ne ga kowane ma'aikaci da ke sa hannu bisa abin da ya san ba daidai ba ne don kawai haka aka saba. A ɗaya gefen, sa'ad da masifa ta sauka ya tsaya wurin aikinsa har mutum 1,660 suka tsira, shi ne na ƙarshen fita, ya kuma ɗauki nauyin nasa da na wasu har kabari. Allah ya ba shugabanninmu da ma'aikatanmu ikon riƙe amana, amin.